MAGANIN BASIR: ABIN DA LIKITA KE YI KAFIN A KAI GA WUƘA

Da wuya mutum ya shiga babbar tashar mota, ko kasuwar ƙauye ran da take ci, ya fita bai ji mai magani yana shelar maganin basir ta lasifika ba. In ya tsaya ya saurara zai ji an jero masa ciwon baya, da kumburin ciki, da ƙugin ciki, da kasala, da raunin mazakuta, da ganin jini a bayan gida, duka an ɗora wa basir, kuma duka an ce ƙulli ɗaya na gari ko kwalba ɗaya ta jiƙo za ta raba mutum da su. Jama'a kuwa suna saye, domin ciwo ne na wurin da ake jin kunya, ga shi kuma mai magani ba ya cewa a tuɓe ya duba.

Ita kalmar basir daga Larabci aka aro ta, watau basur, jam'inta bawasir. Amma abin da likita ke nufi da ita bai kai faɗin abin da ake nufi a kasuwa ba. A cikin duburar kowane mutum, mai lafiya da maras lafiya, akwai waɗansu 'yan matasai guda uku na nama mai laushi cike da jijiyoyin jini, ɗaya a hagu, biyu a dama. Aikinsu shi ne su taimaka wajen toshe ƙofa sosai, kada iska ko ruwa-ruwan bayan gida su kuɓuce wa mutum ba da saninsa ba. Wani likitan Ingila mai suna Thomson ne ya bayyana wannan filla-filla cikin 1975, ya nuna cewa ciwon yana samuwa ne sa'ad da zaren naman da ke riƙe da matasan nan ya saki, suka kumbura suka zamo ƙasa. Abin da ke jawo haka galibi shi ne yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, da daɗewa a tsugune ko a zaune a kan masai, da juna biyu, da naƙuda, da yawan gudawa, da kuma tsufa.

Akwai wata iyaka a cikin dubura wadda saninta ke sa a fahimci dukan maganar magani. Daga iyakar nan zuwa sama fatar ciki ba ta jin zafin yanka ko tsini. Daga ita zuwa waje kuwa fata ce mai jin zafi ƙwarai. Saboda haka basir na ciki yakan zubar da jini ja wur ba tare da ciwo ba, na waje kuwa shi ne mai hana zama.

Likitoci sun kasa basir na ciki hawa huɗu, bisa tsarin da aka sani da sunan Goligher, wani shehun malamin fiɗa na birnin Leeds. A hawa na farko jini kawai ake gani, babu abin da ke leƙowa. A na biyu tsiro yana fitowa lokacin yunƙuri ya koma da kansa. A na uku sai an sa yatsa an mayar da shi. A na huɗu yana waje kullum, ko an tura ba ya zama. Kowane hawa da irin maganin da ya dace da shi, kuma ba a sanin hawan da mutum yake sai an duba.

BA KOWANE JINI NE BASIR BA

Nan ne babban haɗari yake. Abubuwa da dama suna sa jini ko tsiro a dubura, jama'a kuwa duk suna kiransu da suna ɗaya. Akwai tsagewar fatar dubura, wadda ke sa zafi kamar an yanka da reza lokacin bayan gida da bayansa. Akwai maruru na gefen dubura, wanda in ya fashe yakan bar 'yar hanya mai yoyon ruwa da mugunya. Akwai atini, akwai tsutsar da ake ɗauka a ruwan rafi da na fadama. Akwai zazzagowar hanji gaba ɗaya, wadda aka fi gani ga yara masu fama da gudawa da rashin abinci mai gina jiki, ga shi kuwa ainihin basir ba safai yake kama ƙananan yara ba. Masu ciwon hanta ma jijiyoyinsu na wurin sukan kumbura su yi jini, kuma wannan wata cuta ce dabam. Sa'an nan akwai wadda ta fi duka muni, watau ciwon daji na babban hanji da dubura.

Likitocin fiɗa na asibitocin koyarwa a Nijeriya sun daɗe suna kuka da abu guda: masu ciwon dajin hanji suna zuwa musu a makare, bayan sun yi watanni, wani lokaci shekara ko fiye, suna shan maganin basir. Da yawansu kuma ba tsofaffi ba ne. Ciwon nan kuwa in an tarbe shi da wuri ana yanke shi mutum ya warke, in ya bazu sai dai lallaɓawa. A Amurka ma saboda yadda yake ƙaruwa ga masu ƙananan shekaru, cikin 2021 aka sauko da shekarun fara binciken hanji daga 50 zuwa 45.

Don haka duk wanda ya ga jini mai duhu, ko jini cakuɗe da bayan gida, ko majina, ko ya ga yanayin fitarsa ya sauya makonni da dama, ko yana ramewa ba dalili, ko jininsa ya yi ƙasa har yana haki, ko wani danginsa na jini ya taɓa yin ciwon dajin hanji, to, bai kamata ya kira abin basir ba sai likita ya faɗa. Haka kuma wanda ya haura shekara arba'in ya fara ganin jini. Dubawar ba ta da wuya. Likita zai sa safar hannu ya taɓa da yatsa, ya leƙa da wani ɗan gajeren bututu mai fitila, cikin 'yan mintoci an gama. In akwai shakka sai a tura mutum a leƙa hanjin duka da dogon bututu mai kyamara. Mace tana da damar ta nemi likita mace, ko ta ce wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ita.

MAGANIN FARKO YANA CIKIN TUKUNYA

In an tabbatar basir ne, abin da likita zai fara da shi ba ya burge maras lafiya, don ba allura ba ce, ba kuma kwalba mai tsada ba. Zai ce a tausasa bayan gida, a daina yunƙuri. Ana yin haka da abinci mai harza, watau mai dusa da zare-zaren da hanji ba ya narkarwa, su ne ke riƙe ruwa su sa bayan gida ya yi laushi ya fita ba wahala. Babban mutum yana bukatar giram 25 zuwa 30 na wannan a rana. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan haka, an ga yana rage zubar jini da kusan rabi.

Wanda ya fi kowa yayata wannan magana shi ne Dokta Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya yi shekaru yana aiki a Kampala ta ƙasar Uganda. Ya lura cewa cututtukan hanji da suka addabi Turawa ba su da yawa ga mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da dusarsa, ya kuma rubuta littafi a kan haka cikin 1979. Abin mamaki shi ne, abincin da ya yi ta roƙon Turawa su koma gare shi, shi ne mutanen biranenmu suke gudu. An surfe gero da dawa an ba dabbobi dusa, an koma wa burodin fulawa da farar shinkafa da taliya da lemon kwalba. Alhali maganin yana nan a kasuwa da araha: wake, da tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi tas ba, da miyar kuka da kuɓewa, da kwaɗon zogale da na rama, da alayyafo, da kabewa, da gwanda, da goba, da mangwaro, da lemo a ci har da ɓargonsa. Sai dai a ƙara su sannu a hankali, don in an auka gaba ɗaya ciki zai cika da iska. Kuma tilas a haɗa da ruwa isasshe, musamman lokacin bazara, da kuma tsakanin buɗa-baki da sahur ga mai azumi.

Bayan abinci sai ɗabi'a. In bayan gida ya zo a tafi, kada a matse shi don ana kasuwa ko ana tuƙi. In an shiga kuma kada a daɗe. A da jarida ake zargi da zaunar da mutane a masai, yanzu wayar hannu ta gaje ta. Wani bincike da aka buga cikin 2025 daga birnin Boston, a kan mutum 125, ya samu cewa masu shiga da waya sun fi daɗewa, kuma basir ya fi yawa a cikinsu. Tsarki da ruwa, wanda al'adarmu ce tun asali, ya fi goga da takarda sauƙi ga wurin. Zama cikin ruwan ɗumi minti goma zuwa goma sha biyar, sau biyu ko uku a rana, yana kwantar da raɗaɗi. A kula, ruwan ɗumi aka ce, ba tafasasshe ba.

Game da yaji da zaƙi, waɗanda aka fi ɗora wa laifi, gwajin da likitocin Italiya suka yi cikin 2006 bai nuna cewa cin barkono yana tsananta basir ba, ko da yake wanda ya ga yana sa shi raɗaɗi sai ya rage. Shi zaƙi kuwa laifinsa bai wuce cewa yana cika ciki ya hana cin abinci mai harza ba. Haka nan babu wata hanya da kumburin jijiyar dubura zai bi ya kashe mazakuta. Mai wannan matsala gara a auna masa sukari da hawan jini.

Magungunan kantin magani suna da nasu amfani, amma ƙarami ne. Man shafawa da ƙwayar cusawa suna rage ƙaiƙayi da zafi, ba sa mayar da tsiro. Masu ɗauke da sinadarin sitiroyid kada a wuce mako ɗaya ana shafa su, don suna sa fata ta yi siriri. Akwai ƙwayoyi irin su Daflon da ake ba da su na ɗan lokaci don rage jini da kumburi. Akwai ruwan laktulos da garin isfagula masu tausasa bayan gida. Don zafi farasitamol ya isa. Kodin da tiramol kuwa busar da ciki suke yi, watau ƙara wa wuta makamashi. Wannan ma wata ɓarna ce ta maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi cikin 2018.

Mai juna biyu takan gamu da basir a watannin ƙarshe da kwanakin jego. Galibi abinci da ruwa da mai tausasa ciki sun ishe ta, kuma yakan lafa da kansa bayan haihuwa. Kada ta sha kome, na asibiti ko na gargajiya, sai da sanin masu awon ciki.

ROBA DA ALLURA

In an yi makonni ana kiyaye abinci amma jini bai tsaya ba, ko tsiro yana hawa na biyu ko farkon na uku, akwai ayyukan da ake yi a ɗakin duba marasa lafiya, ba kwanciya, ba sa barci. Wanda ya fi shahara shi ne ɗauri da roba. Blaisdell ne ya fito da dabarar a Amurka cikin 1958, Barron ya gyara ta cikin 1963. Likita yana jawo tsiron da wani ɗan ƙarfe, ya saƙala masa ƙaramar roba a gindi, can sama da iyakar nan da ba a jin zafi. Jini ya daina isa gare shi, ya bushe, ya faɗi tare da robar cikin mako guda ko makamancin haka, sau da yawa mutum bai ma sani ba. Tabon da ya rage shi ke manne sauran naman a bango ya hana shi zamowa. Mutum yakan ji nauyi-nauyi kwana ɗaya ko biyu, kuma wani sai an yi masa sau biyu ko uku.

Ko da yake aiki ne mai sauƙi, yana da sharuɗɗa. Mai shan maganin tsinka jini, irin su warfarin da asfirin, lalle ya faɗa tun kafin a fara, domin jini yana iya ɓallewa kwana goma zuwa mako biyu bayan ɗaurin. Wanda kuma ya ji zazzaɓi, da zafi mai tsanani, da kasa yin fitsari bayan an ɗaure masa, ya koma asibiti nan take ko da tsakar dare ne, don alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga. Ba safai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru ba ya jira.

Allura ta girmi roba, don tun 1869 aka fara yin ta a London. Ana tsira wani magani, galibi sinadarin finol kashi 5 cikin 100 a cikin man almon, a gindin basir ɗin, ya sa jijiyoyin su tsuke. Ta fi dacewa da hawa na farko da na biyu, da kuma wanda ake tsoron ɗaure masa saboda jini. Akwai kuma na'urar da ke ƙona gindin da zafin haske. Duka biyun ba su kai roba zafi ba, amma ciwon ya fi saurin dawowa bayansu.

Wani abu dabam shi ne gudan jini da ke daskarewa farat ɗaya a basir na waje. Mutum zai wayi gari da ƙullutu mai shuɗi-shuɗi, mai tauri, mai azabar zafi. In ya isa asibiti cikin kwana uku na farko, ana kashe wurin da allura a cire shi, ya sami sauƙi nan da nan. In ya wuce haka zafin ya riga ya fara sauka, sai a bar shi da ruwan ɗumi da maganin zafi, ya narke da kansa cikin 'yan makonni.

SA'AD DA FIƊA TA ZAMA TILAS

Cikin masu basir goma, da ƙyar ɗaya ke kaiwa ga fiɗa. Su ne masu hawa na huɗu, da masu na uku da roba ta kasa, da wanda jini ya zube masa har ya yi fari, da wanda tsironsa ya fito ya shaƙe.

Yankan basir tsohon aiki ne. Likitocin Yunan na zamanin Bukrat suna ƙona shi da jan ƙarfe. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana ɗauri da yanka da lalas a cikin littafinsa At-Tasrif. Amma irin aikin da aka fi yi yau ya fito ne daga asibitin St Mark's na London, wanda aka kafa cikin 1835 musamman don cututtukan dubura. A can ne Milligan da Morgan suka tsara hanyarsu cikin 1937: a yanke kowane tsiro, a ɗaure jijiyarsa, a bar gyambon a buɗe ya warke da kansa, a kuma bar lafiyayyar fata tsakanin yanka da yanka don kada ƙofa ta tsuke. Ferguson na Amurka ya zo da tasa cikin 1959, inda ake ɗinke gyambon. Ana yin aikin da allurar baya mai kashe rabin jiki ko da sa barci, kuma da yawa sukan koma gida ran nan ko kashegari.

Ba a ɓoye wa kowa cewa akwai zafi. Makonni biyu na farko suna da wuya, musamman bayan gida na farko, kuma gyambo yakan ɗauki wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kafin ya rufe. Wani fitsari yakan riƙe masa a daren farko. Kaɗan sukan yi jini daga baya, ko ƙofa ta tsuke, ko riƙon iska ya ragu. Amma a cikin dukan hanyoyi babu wadda ta kai ta hana ciwon dawowa.

Gudun wannan zafi ne ya haifi sababbin dabaru. Cikin 1995 Morinaga na Japan ya fito da na'ura mai sauraren bugun jijiya, a gano jijiyoyin da ke kai wa basir jini a ɗinke su. Cikin 1998 Antonio Longo na Italiya ya kawo wata mai yanke zoben fata daga ciki ta ɗinke da ƙananan ƙusoshi, ta ja tsiron sama. Dukansu an yi musu maraba, sai dai manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi a Birtaniya aka buga cikin 2016 sun rage musu farin jini. Na farko ya gwada ɗinkin jijiya da roba: bayan shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka ɗinke wa, da kashi 49 na waɗanda aka ɗaure wa, amma yawancin ratar tana gushewa in an maimaita robar, ga shi ta fi araha nesa, ta kuma fi sauƙin zafi. Na biyu ya nuna cewa mai ƙusoshi ta fi sauƙi a makonnin farko, amma bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa tsohon yanka sun fi jin daɗi, kuma ciwon bai dawo musu da yawa ba. Yanzu kuma ana tallar aikin leza a asibitocin kuɗi. Zafinsa kaɗan ne, kuɗinsa da yawa, kuma mai babban tsiro yana da haƙƙin ya tambayi likita sau nawa ciwon ke dawowa bayansa kafin ya biya.

Su ma likitoci sun taɓa yin abin da suka bari. Cikin 1968 wani likitan Ingila mai suna Lord ya yayata buɗa dubura da yatsu bayan an sa mutum barci, aka yi ta yi shekaru, har aka gane cewa yana yaga tsokar da ke riƙe bayan gida, waɗansu suka ƙare da yoyo. Aka watsar.

Wannan tsoka ita ce abin tsoro ga yankan gida. Wanzami ya iya aski da ƙaho, amma ba shi da abin da zai leƙa ciki ya bambanta basir da zazzagowar hanji ko ciwon daji, ba shi da abin ɗaure jijiya in jini ya ɓalle, aska kuma tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sarƙewar haƙora daga wani zuwa wani ko daga ƙasa zuwa gyambo. Haka masu cusa kanwa ko wani gari mai ci, sukan ƙone lafiyayyar fata, in ta warke ta tsuke, gyaran kuwa ya fi ciwon farko wuya. Jiƙo da sassaƙe da yawa gudawa suke sawa, mutum ya ji cikinsa ya yi sakayau ya ce basir ya fita, alhali gudawar ma tana tayar da shi, kuma yawan shan abin da ba a san ma'auninsa ba yana taɓa ƙoda da hanta. Lambar hukumar NAFDAC da ake nunawa a jikin kwalbar maganin gargajiya shaida ce cewa an duba ko yana da guba. Ba shaida ba ce cewa yana warkarwa, kuma a jikin kwalaben da yawa an rubuta haka da ƙananan baƙaƙe.

Wanda aka yi wa fiɗa kuwa, takardar sallamarsa ba ta rasa abu huɗu: maganin zafi, da mai tausasa bayan gida, da zama cikin ruwan ɗumi bayan kowace fita, da ranar komawa a duba gyambo. Mai aikin ofis yakan koma bayan mako biyu, mai ɗaukar kaya da direban doguwar tafiya sukan ƙara mako ɗaya ko biyu a kai. Wake da zogale da ruwan da aka ce masa tun ran farko kuma suna nan a kansa, don matasan da aka bari a ciki suna iya kumbura in taurin ciki ya dawo.